Genshin Impact: Abin da Sabon Shiga Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Ƙona Data da Kuɗi

Duk wanda yake zama majalisar samari a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa, ya san yadda gem ɗin waya ya shiga jikin yaranmu. A da ƙwallo ce da Ludo, sai aka koma na harbi, yanzu kuma ga wani nau'i da ake bin labari, ana tara jarumai ana rainonsu kamar mai kiwo. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Genshin Impact. Saukewa kyauta ne, bugawa kyauta ne, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Na tara bayanin nan ne don wanda zai fara, da kuma yaya ko uba da yake son sanin me ƙaninsa ko ɗansa yake yi a waya har tsakar dare.

Wane irin gem ne?

Kamfanin miHoYo na birnin Shanghai a ƙasar Sin ne ya yi shi, ya fito da shi ranar 28 ga Satumba, 2020. A wajen Sin da sunan HoYoverse suke hulɗa da jama'a. Ana buga shi a wayar Android da iPhone, da kwamfuta, da PlayStation da Xbox. Babu Hausa a cikinsa. Rubutun akwai Turanci da Faransanci da wasu harsuna, muryoyi kuwa huɗu ne: Turanci, Sinanci, Japananci da Koriyanci. Turancin sakandare ya isa ka gane abin da ake so ka yi.

Labarin a taƙaice: wasu tagwaye ne, mace da namiji, masu yawo tsakanin duniyoyi, aka raba su da ƙarfin tsiya. Za ka zaɓi ɗaya ka zama shi, ka shiga neman ɗayan a wata duniya da ake kira Teyvat. Wata 'yar mitsitsiyar halitta mai surutu, Paimon, ita ce 'yar rakiyarka. Ko macen ka ɗauka ko namijin, labarin ɗaya ne, sai dai ba a canzawa daga baya.

Ana farawa ne daga ƙasar Mondstadt, sai Liyue. An ƙara Inazuma a 2021, Sumeru a 2022, Fontaine a 2023, Natlan a 2024. Kusan duk bayan mako shida ana sabunta gem ɗin da sabon labari da sababbin jarumai.

Wayarka za ta ɗauka?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma da yawa a nan suke faɗuwa. Gem ne mai nauyi ƙwarai. Abin da za ka sauke daga Play Store ɗan kaɗan ne, sai ka buɗe shi sannan zai nemi sauke asalin kayan, wanda ya haura GB 20. Saboda haka:

Ka tabbata kana da fili aƙalla GB 30 a waya. Mai waya 32GB kada ma ya wahalar da kansa.

RAM 4GB shi ne na ƙasa, kuma zai riƙa sarƙewa. 6GB zuwa sama ya fi daɗi.

Kada ka sauke da datar da kake harka da ita. Nemi wayfai, ko ka yi ta haɗawa da datar dare. In ya tsaya a hanya, yana ci gaba daga inda ya tsaya.

Murya ɗaya kawai za ka bari. Kowane harshe da ka ƙara, fili yake ci. A cikin saiti kuma akwai wajen goge kayan labarin da ka riga ka wuce.

Bugawar kanta ba ta shan data kamar kallon bidiyo, amma dole sai da intanet, babu hanyar bugawa ba sabis. Inda data take tafiya shi ne sabuntawar nan ta bayan mako shida. Caji kuwa yana sha kamar ruwa, waya tana zafi. Ka shiga saiti ka mayar da ingancin hoto ƙasa, ka bar gudun hoton a kan 30. Kada ka riƙa bugawa waya tana jikin caji tana tafasa, batir ne zai kumbura. Wanda wayarsa ita ce shagonsa, da ita ake kiransa a yi ciniki a turo masa kuɗi, ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗora mata wannan kaya.

Buɗe asusu da zaɓen saba

Ka yi rajista da imel ɗinka na kanka wanda kake riƙe da kalmar sirrinsa. Ba na mai shagon caji ba, ba na abokinka ba. Ranar da waya ta faɗi ko aka sace, da wannan imel ɗin za ka dawo da komai a sabuwar waya.

Daga nan za a ce ka zaɓi saba. Guda huɗu ne: Amurka, Turai, Asiya, da ta yankin Taiwan da Hong Kong da Macau. Mu a Najeriya ta Turai ce tamu. Ta fi kusa, don haka jinkiri tsakanin danna maɓalli da aikin jarumi ya fi ƙanƙanta. Sannan agogonta daidai yake da na Najeriya: ranar gem tana sabuntawa ƙarfe 4 na dare agogonmu, dab da asuba.

Ka kula da kyau a nan: abin da ka tara a saba ɗaya ba ya komawa wata. Kuma ba za ka iya buga wasa da abokinka ba sai kuna saba ɗaya. Dubi lambar da ke ƙasan allonsa ta hannun dama. In ta fara da 7, Turai yake. In 6 ce, Amurka. In 8 ce, Asiya. Tambayi abokanka tun kafin ka fara, kada ka yi wata biyu sannan ka gane kai kaɗai ne a can.

Yadda faɗa yake tafiya

Tawagarka mutum huɗu ce, ɗaya ne yake fili a lokaci guda, kana musanya su da taɓa hotonsu. Kowane jarumi yana da sinadarinsa, guda bakwai ne gaba ɗaya: Pyro wuta, Hydro ruwa, Cryo ƙanƙara, Electro lantarki, Anemo iska, Geo dutse, Dendro tsiro. Sirrin gem ɗin duka yana wajen haɗa su.

Ruwa da ƙanƙara: abokin gaba ya daskare, ka yi ta dukansa a tsaye.

Wuta da ruwa: in ka jiƙa shi sannan ka sa wuta, dukan yana ƙaruwa da rabi. In wuta ce a jikinsa ka zuba ruwa, dukan yana ninkuwa biyu.

Wuta da ƙanƙara: wuta a kan ƙanƙara ninki biyu ne, ƙanƙara a kan wuta ƙarin rabi.

Wuta da lantarki: fashewa, tana watsa ƙananan abokan gaba.

Iska: tana kwasar sinadarin da ta tarar ta yaɗa wa na kusa.

Dutse: yana fitar da wani ƙyalli da in ka ɗauka zai zame maka garkuwa.

Tsiro da ruwa: suna fitar da wasu 'ya'ya a ƙasa. In ka taɓa su da lantarki, sai su tashi su bi abokin gaba da kansu. Wannan haɗin yana da ƙarfi sosai kuma ba ya bukatar kaya masu tsada.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya riƙe mutum ɗaya ya yi ta danna duka. Yi amfani da dabarar wannan, ka juya kan wancan, ka dawo. Tawaga mai kyau tana da mai duka, da masu taimaka masa guda biyu, da mai warkarwa ko mai garkuwa.

Jaruman da ake samu kyauta

Ba sai ka biya ko sisi ba za ka samu Amber mai baka da wuta, Kaeya mai takobi da ƙanƙara, da Lisa mai lantarki, duk a farkon labari. Barbara mai warkarwa tana zuwa in ka kai mataki na 18 ka gama labarin Mondstadt. Noelle tana fitowa tabbas a ja goma na farko a allon sababbin shiga, wanda aka yi wa rangwame. Xiangling ana ba da ita in ka haye hawa na uku a gidan gwaji da ake kira Spiral Abyss, Collei kuma a hawa na huɗu. Lynette tana zuwa a mataki na 25.

Kada ka raina su don taurarinsu huɗu ne. Xiangling har tsofaffin 'yan wasa suna aiki da ita. In Allah ya ba ka Bennett, ko Xingqiu, ko Fischl, riƙe su da kyau. Kaeya kuma zai iya ɗaukar ka tsawon watanni.

Matakan da ke buɗe abubuwa

Akwai matakin asusunka gaba ɗaya, Adventure Rank, wanda ƙarshensa 60. Yana ƙaruwa da bin labari, buɗe akwatuna, da buɗe wuraren tsalle na taswira. Ga waɗanda za ka sa wa ido:

Mataki na 10: za ka iya shigar da lambobin kyauta.
Mataki na 12: aiken yau da kullum ya buɗe.
Mataki na 16: za ka iya wasa da abokai, har mutum huɗu.
Mataki na 20: Spiral Abyss ya buɗe.
Mataki na 45: nan ake samun kayan ado masu taurari biyar tabbas.

Da matakinka yana hawa, abokan gaba ma suna ƙara ƙarfi. A mataki na 25, 35, 45 da 50 akwai jarrabawar da sai ka ci za a ɗaga maka duniya. In ka ji tawagarka ba ta yi ƙwari ba, dakata ka gyara ta tukuna. Ba wanda yake korar ka.

Aikin kowace rana

Abu biyu ne, kuma minti ashirin ya ishe su.

Na farko aike huɗu na kullum. Kowanne yana ba da Primogem 10, in ka gama ka je wajen Katheryne a teburin ƙungiyar matafiya ka karɓi ƙarin 20. Jimla 60 a rana. Da yawa suna mantawa da ashirin ɗin nan.

Na biyu Resin. Shi ne kamar man da kake kashewa kafin ka kwashi ladan faɗa. Yana taruwa ɗaya duk minti takwas, wato 180 a kwana, kuma ba ya wuce 200 a ajiye. Ƙananan wurare suna cin 20, manyan dodanni 40, na mako-mako 30 a ukun farko. Tun da yana cika da kansa, shiga sau ɗaya a rana ya wadatar. Wanda ya ce maka sai ka kwana a kai, bai fahimci lissafin ba.

Za a riƙa ba ka wani abu mai siffar jinjirin wata, Fragile Resin, kowanne yana ba da 60. Ajiye su har mataki na 45, lokacin ne suke da riba.

Ina za ka zuba abin da ka tara?

Duk wanda ya taso a kara ya san ba a raba dusa buhu ɗaya wa shanu ashirin a ce ana jiran su yi ƙiba. Haka yake a nan. Littattafan ƙara mataki da kuɗin gem, Mora, ba sa isa kowa. Zaɓi mai dukanka ɗaya ka cika shi, sannan sauran ukun. Bi wannan jerin: matakin jarumi, sai makaminsa, sai dabarunsa, kayan ado a ƙarshe.

Makamai iri biyar ne: takobi, babban takobi, mashi, baka, da littafin tsafi ko ƙwallonsa. Kowane jarumi iri ɗaya yake riƙewa. Akwai masu taurari huɗu da maƙeri yake ƙerawa in ka kawo kayan da ake bukata.

Kayan ado biyar ne: fure, gashin tsuntsu, agogon yashi, kofi da hula. Kafin mataki na 45 sa abin da ka samu kawai, kada ka ƙona Resin a nemansu, duk zubarwa za ka yi daga baya.

Sannan ka riƙa tsintar ƙyallayen da suke shawagi a sama a kowace ƙasa, na Mondstadt sunansu Anemoculus. Su ne suke ƙara maka numfashin gudu da hawan dutse da iyo.

Ƙuri'a: nan ne kuɗin yake

Yanzu mun zo inda na fi so a karanta a tsanake. Sababbin jarumai ba a saye kai tsaye, ƙuri'a ake ja. Ja ɗaya Primogem 160 ne. Damar samun mai taurari biyar a ja ɗaya 0.6 ce cikin ɗari. Akwai lamuni: duk ja goma za ka samu aƙalla mai taurari huɗu, kuma ba za ka wuce ja 90 ba tare da mai biyar ba. Yawanci yana faɗowa bayan an haura saba'in da 'yan kai.

Amma ga inda gizo yake saƙa. In mai taurari biyar ya fito, kusan rabi da rabi ne ya zama wanda aka lika hotonsa a allo. In wani ne daban ya fito, to na gaba ne tabbas. Ke nan wanda bai yi sa'a ba sai ya ja 180.

Mu yi lissafi. Ja 90 Primogem 14,400 ne. Ja 180 kuwa 28,800. In da aiken kullum kaɗai ka dogara, 60 a rana, kwana 240 za ka yi kafin ka haɗa ja 90. Gaskiya akwai ƙari daga bukukuwan gem, akwatuna, labari da Spiral Abyss, shi ya sa mai haƙuri yakan samu jarumi ɗaya da yake so duk bayan 'yan watanni. In kuwa da kuɗi za ka cike, babban ƙunshi dala 99.99 ne, kuma in babu garaɓasar sayen farko, ja 180 ya haura dala 300. Buga wannan da farashin dala na yau. Kuɗin ragon layya ne mai kyau har da canji, a kan hoton da ba za ka iya sayarwa ba. A kara ko ɗan akuya za ka saya sai ka duba haƙori ka taɓa ƙirji. Nan kuwa cinikin biri a sama ne.

Ba mu kaɗai muke ganin haka ba. A watan Janairun 2025 kamfanin da ke tafiyar da gem ɗin a waje ya amince ya biya dala miliyan 20 a sasantawa da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, kan zargin da ya shafi yadda ake tallar ƙuri'ar nan da bayanan yara. An kuma hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 a can ba da izinin iyaye ba.

Dokokin mai buga kyauta

Tikitin ja iri biyu ne. Intertwined Fate na allon jarumi na musamman ne, Acquaint Fate mai shuɗi na allon dindindin. Kada ka taɓa canza Primogem zuwa mai shuɗin. Ni kaina na yi wannan wautar a watana na farko, na zubar da abin da na tara. Shuɗin ana ba da shi kyauta a hankali.

Allon makamai ba naka ba ne, bar wa masu kuɗi.

Lissafin lamuni ba ya gogewa in allo ya canza. In ka ja 50 a wannan, daga 50 za ka ci gaba a allon jarumi na gaba. Don haka babu dalilin ruɗewa a ranar ƙarshe.

Duk farkon wata shiga shagon Paimon ka sayi tikiti biyar na kowane iri da Stardust, ƙurar da ake ba ka in ka ja.

Kafin kowace sabuntawa kamfanin yana yin shiri kai tsaye, ana raba lambobi uku, kowacce Primogem 100. Ba sa daɗewa, shigar da su da wuri.

Wanda ya matsa sai ya kashe kuɗi, mafi araha shi ne Welkin Moon, dala 4.99: ana ba ka 300 nan take, sai 90 kullum har kwana 30, amma ranar da ba ka shiga ba ta wuce. Shawarata ka yi wata uku ba ka sa ko kwabo ba.

'Yan damfara

Duk shafin da ya ce zai ba ka Primogem kyauta in ka sa imel da kalmar sirri, ɓarawo ne. Masu tallar asusu a WhatsApp da Facebook ma ka guje su. Sayen asusu ya saɓa dokar gem ɗin, kuma mai shi na asali yana iya ƙwacewa bayan ka tura kuɗi, ba ka da wajen kai ƙara. Kada ka ba wani asusunka wai ya saya maka da araha. Kuma kada ka bar katin banki a maƙale a Play Store a wayar da yara suke taɓawa. Shiga saiti ka sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye.

Abin da iyaye da yayye za su sani

A Turai an ware gem ɗin ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Babu zubar da jini a fili, amma akwai abubuwan da gidan Musulmi zai so ya sani. Labarin ƙirƙira ne da ke magana a kan "alloli" bakwai masu mulkin ƙasashe, akwai gumaka a taswira da ake kai wa ƙyallayen nan da na ambata, akwai kiɗa, kuma shigar wasu jarumai mata ba ta da kamun kai. Ana iya kashe kiɗan a saiti, sauran ba a cirewa. Batun sa kuɗi a ƙuri'a kuwa, ni ba malami ba ne, amma kamarsa da caca ba ɓoyayya ba ce. Wanda zuciyarsa ta tsaya ya tambayi malamin unguwarsu kafin ya biya.

Sai lokaci. An gina gem ɗin ne don ka ji kamar ka yi asara in ba ka shiga yau ba. Asarar kwana ɗaya Primogem 60 ce, ba ta kai ko rabin ja ɗaya ba. Ranar da mota ta sauke kaya, ko jarrabawa ta matso, ajiye waya. In ka ga ka fara makara sallar asuba, ko ana kiranka a rumfa kana cewa "ina zuwa, bari in gama", ko ka fara taɓa kuɗin ciniki da niyyar za ka mayar, to lokacin gogewa ya yi. Asusunka yana nan a ajiye in ka dawo.

Makon farko a taƙaice

Sauke da wayfai, yi rajista da imel ɗinka, zaɓi Turai. Bi babban labari har mataki na 12, kana buɗe duk wurin tsalle da ka gani a hanya. Ja goma na sababbin shiga ka ɗauki Noelle. Daga nan aike huɗu da Resin kullum, ka raini mutum huɗu kawai, ka tara Primogem har sai jarumin da kake so ya zo. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya yi wa nemanmu albarka.